Shekara huɗu ina koyon wayarin, ba yaye ba takarda: ina zan dosa?

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 22, ina zaune a Kaduna. Bayan na gama sakandare na zauna jarrabawar JAMB sau biyu ban samu gurbi ba, sai kawuna ya kai ni wurin wani abokinsa mai aikin wayarin da haɗa sola, kuma yau shekarata huɗu a hannunsa. Ina iya yi wa gida wayarin tun daga fasa bango har zuwa inda mita za ta zauna, ina kuma haɗa inbata da batura ba tare da an tsaya a kaina ba. Maigidana yakan tura ni aiki ni kaɗai, ya karɓi kuɗin, ya ba ni na mota da na abinci, kuma duk ranar da na taɓo zancen yaye sai ya ce da saura. Kwanan baya wani kamfani ya nemi ma'aikata, na je, suka tambaye ni takardar shaidar sana'a, ba ni da komai sai sakamakon sakandare. Mahaifina ya ce dama ya faɗa, in bar wahalar nan in sake zama JAMB. Abokaina kuma suna cewa in kwashe masu ba mu aiki in buɗe nawa. Kaina ya kulle, ina neman shawara.

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da na fara lura da shi shi ne mahaifinka da abokanka, duk da kowannensu hanyarsa daban, sun haɗu a kan abu guda, wato ka bar inda kake yau ba tare da an kammala abin da aka fara ba. Ni kuwa a ganina shekara huɗun nan ba su tafi a banza ba, abin da ya rage musu shi ne shaida. Kana da aiki a hannu, amma ba ka da wanda zai tsaya ya ce lalle ka iya, kuma a wannan sana'a masu tsayawar biyu ne: maigidan da ya koya maka, da hukumar da za ta gwada ka ta ba ka takarda. Na farkon ne zai buɗe maka ƙofofin unguwa da na 'yan kwangila, na biyun kuma shi ne zai shigar da kai ƙofa irin wadda aka rufe maka kwanan baya. Kana buƙatar su duka, kuma da akwai dalilin da ya sa zan fara da maigidanka.

Ba zan zarge shi da zalunci ba tun da ban ji daga bakinsa ba, amma ba zan ɓoye maka ba cewa abin da ka bayyana sananne ne a garejoji da shagunan ɗinki da wuraren walda na ƙasar nan. Yaro yakan shekara biyu yana zama nauyi a kan maigida, yana ɓata kaya, yana ƙona inbatar mutane ana biya, sai a shekara ta uku ya fara kawo riba, kuma daidai lokacin da ya zama hannun daman shago shi ne lokacin da yake fara zancen tafiya. Maigida yana ganin yanzu ne zai fanshe wahalarsa, yaro kuma yana ganin ana ci da guminsa, kowannensu da gaskiyarsa. Tushen rikicin shi ne ranar da kawunka ya kai ka ba a yanka wa'adi ba. A al'adarmu ana kai yaro ne da “ga ɗanka nan, amana”, a yi fatiha a watse, ba wanda zai iya buɗe baki ya tambayi shekara nawa, don kada a ga kamar bai yarda da mutum ba. 'Yan kasuwar Ibo da ke Sabon Gari sun fi mu tsari a nan, domin tun ranar farko ake sanin shekarun da yaro zai yi da kuma cewa za a sallame shi da jari, haka nan a ƙasar Yarabawa akan yi bikin yaye a gaban ƙungiyar masu sana'a a miƙa wa yaro takarda. Mu namu kunya ce take hana mu faɗa a farko, sai kuma ta ƙare da rabuwa baram-baram.

Ya kamata ka san cewa dokar ƙwadago ta Nijeriya ta yi magana a kan koyon sana'a. Ta ce yarjejeniyar koyo ta kasance a rubuce, jami'in ƙwadago ya shaida ta, kuma kada wa'adinta ya wuce shekara 5. Ban kawo maka wannan don ka kai maigidanka ƙara ba, domin ba ku rubuta komai ba, kuma ko da kun rubuta, wanda ya ja malaminsa kotu ya yi asarar abin da ya fi kuɗi. Na kawo shi ne don hankalinka ya kwanta cewa neman yaye bayan shekara huɗu ba rashin kunya ba ne, ba kuma gaggawa ba ce, hukuma ma ta ga bai kamata a wuce biyar ba.

Kuskurenka ɗaya shi ne kai kake tayar da maganar da bakinka. Yaro ba ya yaye kansa, kuma maigida ba zai ji daɗin tattauna wannan batu da yaronsa a tsaye a bakin shago ba, ga sauran yara suna saurare. Wanda ya ƙulla igiyar shi ya kamata ya kwance ta. Ka je wurin kawunka, ka gaya masa komai cikin ladabi ba tare da ka aibata abokinsa ba, ka roƙe shi ya samu maigidan a gida, in da hali tare da wani dattijo daga cikin shugabannin masu sana'arku. Abin da za su nema ba wai a sake ka gobe ba ne, rana za su nema a sa, ko wata shida ne ko shekara, a kuma faɗi abin da maigidan yake ganin ya rage maka ka koya, domin “da saura” magana ce da ba ta da iyaka sai an tambayi sauran mene ne. Idan ya lissafa, to an samu manhajar watannin da suka rage. Idan kuma ya kasa lissafawa, dattawan da ke wurin za su fahimta ba sai ka ce komai ba. A wannan zaman ne kuma ya dace a yi maganar kaso, wato aikin da ka fita ka yi kai kaɗai a riƙa ware maka wani abu sananne daga kuɗin aikin, maimakon na mota da na abinci, domin ka fara tara kuɗin kayan aikinka. Ba laifi ba ne kawunka ya ce a rubuta abin da aka tsayar a takarda ɗaya kowa ya sa hannu. Addininmu ma ya yi umarni da rubuta bashi, balle wa'adin rayuwar mutum.

Shawarar abokanka kuwa, ka bar ta inda ka ji ta. Mutanen da kake yi wa aiki yau ba don kai suka buɗe maka ɗakunan matansu ka shiga da tsani ba, don sunan maigidanka ne, kuma ranar da aka ji ka bi ta bayan fage ka janye su, labarin zai riga ka isa duk shagon sayar da kayan wuta da kake sa ran zai ba ka waya bashi. Wannan sana'a da yarda take tafiya fiye da gwaninta. Wanda aka yaye da albarka, maigidansa ne yake fara tura masa ƙananan ayyukan da suka yi masa yawa, shi ne kuma yake ara masa babban tsani da injin huda bango kafin ya sayi nasa.

Yanzu sai mu zo ga takarda, inda nake so ka ba ni hankalinka sosai, domin matasa da yawa suna zaton hanyar samun shaida ɗaya ce, ta JAMB, alhali ga wanda ya riga ya iya aiki akwai ƙofofin da ba su bi ta nan ba. Mafi daɗewa a cikinsu ita ce jarrabawar gwajin sana'a da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya take gudanarwa, wadda masu sana'a suka sani da Trade Test. Matakai uku gare ta, ana farawa daga na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya, wanda shi ne babba. Ma'aikatun gwamnati da kamfanoni da yawa sun daɗe da sanin wannan takarda, kuma ina kyautata zaton da ita ce a hannunka ranar nan da ba a sallame ka daga bakin ƙofa ba. Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin ma'aikatar da ke jiharka ka tambayi yadda ake rajista. Ina jaddada takawa da ƙafa ne saboda akwai 'yan tsakiya da za su ce ka kawo kuɗi da hoto su kawo maka dukkan matakan uku a rana ɗaya ba tare da ka taɓa filaya ba. Irin wannan takarda tana iya zama ta jabu, kuma ranar da kamfani ya bincika, aikin da mutuncin duka za su tafi tare.

Ƙofa ta biyu ita ce ta hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992 mai hedikwata a Benin. Ita ce take shirya jarrabawar kammala kwalejojin fasaha, tana ba da takardar NTC, kuma tana da zama na musamman a watannin Nuwamba da Disamba ga waɗanda ba ɗaliban makaranta ba, irinka. Aikin wayarin da gyaran wuta yana cikin sana'o'in da take jarrabawa a kai. Amfanin wannan takarda shi ne fuska biyu gare ta: shaidar sana'a ce, kuma ana karɓar ta a matsayin takardar kammala sakandare wajen neman shiga manyan makarantu, tun da ta haɗa da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Sai dai tana son karatu na gaske, ba ta wanda zai buɗe littafi ana saura mako biyu ba ce.

Ta uku kuwa a garinku take. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedikwatarta tana nan Kaduna, kuma ita ce take kula da tsarin shaidar ƙwarewa da ake kira NSQ, mai hawa-hawa tun daga matakin sabon shiga har zuwa na manyan gwanaye. A cikin tsarin akwai hanyar da aka tanada domin mutanen da suka koyi aiki a kasuwa ba a aji ba, irin maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna: mai tantancewa zai duba ayyukan da ka riga ka yi, ya gan ka kana aiki, ya yi maka tambayoyi, sannan a ajiye ka a matakin da ka cancanta. Saboda haka daga yau ka fara tara hujja. Duk gidan da ka yi wa aiki, ka nemi izinin mai shi ka ɗauki hoton allon rarraba wuta kafin ka rufe shi, da yadda ka jera batura, ka samu littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da girman aikin da kayan da aka sa. Ban da waɗannan, tun da harkarka wuta ce, ka san da hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, domin ita ce take tantance masu aikin wayarin ta ba su lasisi, kuma duk ranar da ka fara neman manyan ayyuka za a tambaye ka shi.

Ba na so ka rikice da yawan sunaye. Da ni ne kai, da Trade Test zan fara saboda ita ce mafi kusa, in bi ta da NABTEB a zaman ƙarshen shekara, sauran kuma su biyo baya a hankali. Kuɗin rajista yana sauyawa, don haka ka ji shi daga bakin ofis, kada ka ji daga bakin dillali.

Akwai wata magana da ba lalle ta yi maka daɗi ba. Ka ce ka iya aiki, ban kuma musa ba, amma iyawar da ake samu a shago yawanci ta ido ce da hannu: ka ga an yi, ka yi, ya tashi. Jarrabawa kuwa dalili take tambaya. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro yana haɗa sola a gidan maƙwabcina, hannunsa da tsafta, ya jera fanel kamar da ma'auni, ya ɗaure kowace waya a inda ya dace, amma da na tambaye shi abin da ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata ta fi ta cikin ɗaki kauri nesa ba kusa ba, sai ya yi murmushi ya ce haka oga yake yi. Amsar kuwa lissafi ne na minti ɗaya. Kayan da ke cin wat 1000, idan suna kan wutar gida mai bolt 230, abin da zai bi ta cikin waya bai kai amfiya 5 ba, amma wannan nauyin dai a ɓangaren batura masu bolt 24 ya haura amfiya 40, kuma siririyar waya ba za ta ɗauke shi ba sai ta yi zafi, ta narke, wani lokaci ta tashi gobara. Yaron da ya san wannan zai iya zaɓar waya da bireka ga aikin da bai taɓa gani ba, wanda bai sani ba kuwa iyakarsa maimaita abin da ya gani. Wataƙila kai ka wuce nan. Idan ba ka wuce ba, to “da saura” ɗin maigidanka tana da ƙamshin gaskiya ko da ba wannan yake nufi ba, kuma karatun sakandaren da ka yi ya ba ka fifiko a kan yawancin yaran shago wajen cike wannan giɓi. Ka nemi littafin wayarin na kwalejin fasaha, ko ka roƙi wani malamin irin waɗannan makarantu ya riƙa zama da kai awa ɗaya bayan la'asar a ranakun hutu, ka riƙa ɗan kyautata masa.

Saura mahaifinka. Kada ka ɗauki maganarsa a matsayin raini ga sana'a. Ya fito ne daga zamanin da takardar makaranta take nufin albashi da gidan gwamnati da fansho, kuma abin da ya faru da kai a kamfanin nan ya ƙara tabbatar masa da abin da yake tsoro. Yana da gaskiya cewa kana buƙatar takarda. Inda nake ganin ba sai an bi shi ba shi ne cewa sai ka ajiye filaya kafin ka same ta. Digirin injiniya shekara 5 ne idan ba a samu tsaiko ba, kuma ba a manta da yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas ba. Wanda ya bar abin da yake ci da shi ya koma jiran gurbin da ya nema sau biyu bai samu ba, ya saki reshe ne ya kama ganye. Amma akwai hanyar da za ta haɗa burinsa da naka. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna ba da difloma ta ƙasa a fannin lantarki cikin shekara 2, a fita aikin koyo na shekara 1, a dawo a yi babbar difloma a wasu shekara 2, kuma da yawansu suna da karatun yamma ko na ƙarshen mako domin masu aiki. Ɗalibin da ya shiga irin wannan aji da shekara huɗu na aikin hannu a bayansa, abin da wasu suke haddacewa shi tuna shi kawai zai yi, kuma yana iya biyan kuɗin makarantarsa daga aljihunsa. Majalisar COREN ma, wadda take yi wa injiniyoyi rajista, tana da rajistar masu sana'ar hannu da ta masu difloma, wato tsani ne da ake hawa daga ƙasa.

Idan za ka yi masa wannan bayani, kada ka je da gardama, kada kuma ka je hannu sake. Ka bari sai ka karɓo takardar rajistar jarrabawa, ka same shi bayan ya huta, ka ajiye ta a gabansa tare da littafin ayyukanka, ka ce, “Baba, na ji maganarka a kan takarda, ga inda na fara, ga kuma inda nake so in kai, ina neman albarkarka.” Iyaye sun fi gaskata abin da suka riƙe a hannu fiye da alkawari. In ya nace sai ka sake JAMB, ba sai ka yi masa musu ba, ka cike fom ɗin, ka zaɓi kwalejin kimiyya da fasaha da fannin lantarki, domin hakan bai saɓa wa komai a cikin abin da na gaya maka ba.

Yana iya yiwuwa kawunka da dattawa su zauna da maigidanka ya ƙi sa rana. Idan haka ta faru, to ka sauke nauyin da ke kanka. Sai ka ba shi sanarwa ta bakin kawunka cewa za ka tashi bayan wata uku, ka kammala duk aikin da ke hannunka, ka ƙirga masa kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya a gaban shaida, har da testa da ƙaramin sukundireba, ka roƙe shi gafara, kuma ka ɗauki shekara guda ba ka karɓi aiki daga mutanensa ba sai in shi ya turo su. Hukumar samar da aikin yi ta NDE da asusun horar da ma'aikata na ITF suna da ofisoshi a jihohi, kuma lokaci zuwa lokaci sukan buɗe shirin horaswa, wani da tallafin kayan aiki. Ka riƙa leƙawa, amma kada ka jingina tashinka a kansu.

A wannan makon dai abu biyu ne a gabanka, zuwa gidan kawunka da zuwa ofishin ƙwadago. Ka fara da kawun, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in ya samu, ka riƙe masa ɗan goro. Idan an yi zaman, ka rubuto ka gaya mini abin da maigidan ya ce ya rage maka, domin daga amsarsa ne za mu san wane littafi za ka fara nema. Allah ya yi maka jagora, ya sa ku rabu da shi lafiya.